Har da dutsen guga na tafi Umara

Tunda na dawo daga Umara duk wanda zai fita waje karon farko a danginmu sai a ce masa je ka wajen wane ya faɗa maka yadda ake yi, kai kace wani tsohon matafiyi ne ni, alhali sau ɗaya tak na taɓa hawa jirgin da ya tsallake iyakar Najeriya. Jiya ma ɗan kawuna ne ya zo bayan isha'i da biro da takarda, zai raka mahaifiyarsa, wai Yaya faɗa min me da me zan zuba a akwati. Muka zauna har sha ɗayan dare shayi ya huce ban gama ba. Shine nace bari kawai in rubuta in huta, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ni da Umma muka tafi, cikin watan Janairu, kwana goma sha huɗu tsakanin Makka da Madina. Kuma abin da na fara gaya wa yaron nan shi ne ya ajiye maganar akwati tukunna, akwati shi ne na ƙarshe, takardu ne ke hana mutum tafiya ba rashin jallabiya ba.

Fasfo dai in kana da shi buɗe ka duba ranar da zai mutu, dole ya zama da sauran aƙalla wata shida, in bai kai ba ko biza ba za a nema maka da shi ba. In kuma sabo za ka yi to ka fara tun da wuri, akwai mai shafi 32 na shekara biyar akwai mai shafi 64 na shekara goma, tun watan Satumban 2025 kuɗin ya koma dubu 100 da dubu 200. Amma ba kuɗin ne ya ba mu wahala ba, suna ne. Yanzu abin da ke kan NIN ɗinka shi ake ɗauka a sa a fasfo, mu kuwa Hausawa Muhammad ɗaya sai ka ga an rubuta shi kala huɗu, a makaranta daban, a banki daban, a katin zaɓe daban. Na Umma ranar haihuwa ce ta saɓa, don ita da aka tambaye ta lokacin rajista cewa tayi shekarar da aka yi kaza aka haife ta, yaron da ke kan kwamfuta ya ƙiyasta ya rubuta abinsa. Gyaran nan sai da ya ci mana sati uku. Sannan in an yanko tikiti ka ɗauki fasfo ka ɗora kusa da shi ka bi harafi harafi, kar ka ce ai ejan ya san aikinsa, shi mutum hamsin yake yi wa a rana.

Sai katin rigakafi, wanda ake cewa yalo kad. Ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga da fita ne ke bayarwa, allurar shawara ce a ciki, sau ɗaya ake yinta ta isa har ƙarshen rayuwa, ga kuma ta sanƙarau da Saudiyya ke nema ga masu Hajji da Umara, da ɗigon foliyo. Abin lura shi ne sai allurar ta kwana goma a jikinka kafin ta yi aiki a takarda, don haka ba ana gobe tafiya ake zuwa ba. Kuma dan Allah a yi allurar da gaske, na san akwai masu cewa kawo kuɗi a kawo maka kati har gida ba tare da an tsira maka komai ba. Wurin da za ka mutum ne daga kowace kusurwa ta duniya kafaɗa da kafaɗa, wani na tari a ƙeyarka kana sujada, kanka ka cuta ba Balarabe ba.

Maganar ejan kuwa, hmm. Namu mutumin kirki ne ba laifi, biza ta fito kan lokaci, mota ta zo ta ɗauke mu a Jidda. Amma da na tambaye shi nisan otal cewa yayi "Alhaji minti biyar ne zuwa Harami, kana ɗaki kana jin liman". Liman kam ana jinsa don akwai lasifika a otal ɗin, amma minti biyar ɗin nan ina ga da mota ya auna kuma da tsakar dare. Mu da ƙafa, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, minti ashirin da biyar ne, dawowa kuma hawa ne don Makka gari ne na duwatsu. Sau biyar a rana fa. Kwana biyu Umma tace ita kam in ta tafi la'asar sai an yi isha'i za ta dawo, haka muka koma yi. Don haka kafin ka biya ka ce a ba ka sunan otal ɗin a rubuce, ka sa a Google Maps ka danna tafiyar ƙafa ka gani da idonka. Ka tambaya wane titi ne, Ibrahim Khalil ne ko Ajyad, can ƙasan Misfala ne ko Kudai ko Aziziyya, in da nisa akwai motar da ke jigila ko babu, mutum nawa ne a ɗaki, da abinci ko ba abinci. Duk amsar da ya ba ka ta kasance a WhatsApp a rubuce ba a baki ba. Ba rashin yarda ba ne, mantuwa ce ke yi wa mutane yawa in an riga an karɓi kuɗi.

To yanzu akwati. Daren da na haɗa kaya in ka gani sai ka rantse ƙaura zan yi. Shadda kala shida kowacce da hularta, takalmi sau ciki ƙafa biyu, bargo, tawul babba, garin kunu, soyayyen nama, yaji, man shanu a gora, gwangwanin madara, suga, kofi da cokali, har da dutsen guga wallahi, don nace ba zan shiga masallacin Annabi da kaya a yamutse ba. Matata tana gefe tana miƙo min wani abin tana cewa ka san halin cikinka fa, ni kuma ina karɓa ina dannawa. Tsoro ne kawai ba komai ba, mutum bai taɓa fita ba gani yake in ya bar Kano ya bar sabulu da suga kenan har ya dawo. Alhali ƙasan otal ɗinmu kanti ne, gaba kaɗan kantin magani, ga babban kantin Bin Dawood a cikin ginin agogo babu abin da babu. Shadda shidan nan ɗaya na saka, ranar juma'a. Sauran kwanakin jallabiya biyu ce na saya a can nake juyawa, in wanke ɗaya da daddare in rataye kafin azahar ta bushe ƙayau saboda iskar garin ba laima. Da zan sake tafiya jallabiya uku, wando mara nauyi uku, singileti, kaya ɗaya na juma'a, rigar sanyi ɗaya, shikenan. Yaji dai kam zan sake ɗauka, shi da garin kunun Umma, su biyun nan sun yi rana, don shinkafar Larabawa in ka ci kwana uku a jere bakinka sai ya nemi agaji. Kuma ko tuwo kake so akwai 'yan uwanmu mazauna can wajen Misfala da ke sayar da tuwo da miyar kuka, ka bi ƙamshin daddawa kawai.

Amma babban abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe shi ne maganar saƙo. Ana jin za ka tafi za a fara sallama. Wannan tana da 'ya a Makka shekara goma ba su haɗu ba, wancan yana da ƙani a Jidda, kowa da ƙullinsa, "ɗan abu ne kaɗan ba nauyi". Gwaggona ta aiko da wata leda baƙa an naɗe ta da salatif kamar an ɗaure mai karaya, tace kuka ce da kuɓewa busasshiya a kai wa ƙawarta. Na sa reza na farke a gaban ɗan aiken, yana cewa Yaya ai Gwaggo tace kar a buɗe, nace to ka koma ka ce mata na buɗe. Kuka na nan, kuɓewa na nan, a tsakiya kuma ga goro ya kai hamsin an lulluɓe da ganye, da wasu ƙwayoyin magani a farar leda ba kwali ba suna. Ita Gwaggo ba mugunta ta nufa ba, maganin ciwon ƙafa ne wai ƙawar tace na gida ya fi mata aiki. Amma goro haramun ne shiga da shi Saudiyya, duk shekara hukumar alhazai sai ta yi gargaɗi a kai, ƙwaya kuwa irin su tiramadol ƙasar nan ba ta wasa, laifin safarar ƙwaya hukuncinsa har kisa yana kaiwa, kuma jami'in da zai buɗe jakarka bai san Gwaggo ba, sunanka ya gani a jiki. Na mayar mata da goron da maganin, ta yi fushi ta ce na zama Bature, sai da na dawo na kai mata dabinon ajwa muka shirya.

Kuma ba saƙo kaɗai ba. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina ƙarshen 2018 ba, ta je Umara da mahaifiyarta, ashe a filin jirgi wasu suka liƙa sunanta a jikin wata jaka da ba tata ba mai ɗauke da ƙwaya, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito a sake ta a 2019. Tun daga nan na koyi abu ɗaya, lokacin da ake auna kayanka ka tsaya a wurin da kanka, jaka nawa ka bayar, 'yar sitika nawa aka liƙa maka a bayan takardar shiga jirgi, su zo daidai. Biyu ka bayar ka ga uku to kar ka matsa daga nan. Ka ɗauki hoton akwatunanka a kan sikeli da hoton sitikar. Kar ka ba kowa fasfo ɗinka wai zai taimaka maka ya yi maka sauri, kuma duk wanda ya tare ka a layi yace kayansa sun yi yawa ka ɗaukar masa jaka ɗaya tunda kai naka kaɗan ne, ko da rawani yake ko tsohuwa ce mai carbi, ka ba shi haƙuri. Kunya ce ke kashe mu a nan, ni ma na ji nauyin cewa a'a, amma na ce.

Nauyin kaya yana rubuce a tikitinka, kar ka bi abin da maƙwabci ya faɗa maka don shi wani jirgin ya hau. Namu jaka biyu ne kowacce kilo 23, ta hannu kilo 7 zuwa 8. Kuma ba a haɗa lissafi, wato ba za ka kawo ɗaya mai kilo 30 ɗaya mai 16 ka ce ai duka 46 ne ba. Ni ban san haka ba. Na auna a sikelin mai sayar da gas na unguwarmu na ga jimla ta yi daidai na kama hanya. A filin jirgin Malam Aminu Kano aka ce babbar ta haura da kilo biyar, ko in rage ko in biya da dala. Haka na durƙusa a tsakiyar mutane na zuge akwati, singileti na leƙowa, gorar man shanu ta gangara ƙarƙashin kujera wani yaro ya bi ta ya ɗauko min, Umma ta juya baya kamar ba tare muke ba. Allah ya taimake ni mun zo da wuri, awa huɗu kafin tashi, da a ƙurarren lokaci ne ban san yadda zan yi ba. Wani abu kuma, jakar nan ta Gana-mas-go wasu kamfanonin jirgi sun daina karɓarta don tana maƙalewa a injin kaya, ka tambaya kafin ka cika ta. Sannan ka ɗaura wa akwatinka wani ƙyalle mai kala a hannu, baƙin akwati irin naka ɗari ne za su fito a Jidda.

Jakar hannu ita ce tafiyar gaba ɗaya, wannan a Alƙahira na gane. Daga Kano akwai jirgi mai zuwa kai tsaye, awa huɗu da rabi zuwa biyar ka sauka, akwai kuma masu yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, mu mai yada zango muka samu ya fi sauƙin kuɗi. To ni da wayona duk abin da na ga yana da nauyi sai na tura babban akwati, ciki har da rigar sanyin Umma da ledar magungunanta na hawan jini da suga. Ban san in ka ba da akwati a Kano ba za ka sake ganinsa ba sai Jidda. Muka sauka zaman jira na awowi, sanyin na'ura kamar cikin firji, ga lokacin shan magani ya yi. Umma ta dube ni tace "ina ledar maganina?" nace Umma tana cikin akwati, tace "akwatin yana ina?" na nuna mata taga. Ba ta ce komai ba, ta ja mayafinta ta rufe ƙafa, kuma wallahi da zagina tayi da ya fi min sauƙi. Wata baiwar Allah 'yar Zariya da ke kusa da mu ce ta ba ta zani ta lulluɓa.

Don haka duk abin da in ya ɓata ko ya makara kwana biyu za ka shiga uku, a jikinka zai zauna. Fasfo, katin rigakafi, biza da tikiti da sunan otal a buge a takarda ba a waya kawai ba don waya na mutuwa, kuɗi, magani a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita da ta nuna sunan mai shi, kuma wanda zai isa har a dawo da ƙarin na kwana biyar, tabarau, caja, kaya kala ɗaya na canji, rigar sanyi da safa. Fawa bank dole a jakar hannu yake ba a yarda a sa shi a babban akwati ba. Akasin haka kuma almakashi, reza, ɗan yankan farce mai wuƙa, da duk wani ruwa ko mai ko turare da kwalbarsa ta wuce mil 100, waɗannan babban akwati za su, in ba haka ba a gabanka za a jefa a kwandon shara, na ga wani Alhaji yana roƙo kan kwalbar zumarsa kamar zai yi kuka. Kan soket ba matsala, irin namu ne mai ƙafa uku, amma ka tafi da ɗan ekstenshan don ɗaki mai mutum huɗu soket biyu ne. In da tsoho za ka tafi ka ce a sa masa buƙatar keken guragu tun wajen yankan tikiti, kyauta ne, kuma su ake fara wucewa da su a layi. Ka nema masa kujerar bakin hanya saboda fitsari, Umma ƙin shan ruwa tayi tun daga Kano wai kar ta tashi mutane, wanda ba shi da kyau ga mai suga.

Tufafin harami ma a jakar hannu, in Makka za ka fara. Mu da muka taso daga Alƙahira tun a filin jirgi na yi wanka na ɗaura nawa, saura niyya, da jirgi ya kusa daidai miƙati aka yi sanarwa kowa ya ɗauki talbiyya, jirgin nan gaba ɗaya ya amsa, tsigar jikina sai da ta tashi. Amma wani bawan Allah a layin gabanmu nasa haramin na can cikin kaya a ƙasan jirgi, yana zaune da kaftani da hula yana ta tambayar mutane yanzu ya zan yi. Irin wannan tambayar tun a gida ake zama da malami a yi ta, ba a sama ba. Wanda zai fara da Madina shi ba ruwansa, sai ranar tahowa Makka zai ɗaura a Zul Hulaifa, wurin da ake cewa Abyar Ali. Ka koyi ɗaura haramin a gida ka yi yawo da shi a tsakar gida ka zauna ka tashi, ka sayi bel mai aljihu, da sabulu mara ƙamshi. Ga wata magana da ba mai faɗa maka saboda kunya, namiji ba gajeren wando a ƙarƙashin harami, cinyoyi na gugar juna, kafin ka gama sa'ayi sun saɓule kana tafiya kamar ɗan kaciya. Basilin mara ƙamshi ka shafa tun kafin ka fita.

Kuɗi kuma, na canji dala a kasuwar 'yan canji ta Wapa kafin mu tafi, da 'yan riyal kaɗan na ruwa da tasi ranar farko. Riyal a ɗaure take da dala, dala ɗaya riyal 3.75, don haka duk inda ka je canji a can bambancin kaɗan ne ba kamar nan da farashin safe daban na yamma daban ba. Ka karɓi sababbin 'yan ɗari ɗari masu shuɗin zare, tsofaffi wani wurin sai an yi maka yanga. Ka raba kuɗin gida biyu ko uku, wani a bel, wani a jakar Umma, wani a kulle a akwati. Katin banki kar ka dogara da shi sai ka je bankinka ka tambaya ko yana aiki a waje da iyakar abin da zai cire. Layinka na gida ka bar shi a waya ka sa a buɗe masa romin, ba don kira ba, don lambar sirrin da banki ke turowa in za ka tura kuɗi. Layin can kuma STC ko Mobily ko Zain, da fasfo da ɗan yatsa ake yi, tun a filin jirgi akwai su. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, ka gaya wa mutanen gida, don ni ƙarfe ɗayan dare ake kirana a ce a yi mana addu'a a Ka'aba, su a wajensu sha ɗaya ce.

Ka daina juya komai zuwa naira a kanka, in ba haka ba ko shayi ba za ka sha ba. Kwana biyun farko duk abin da aka ce riyal goma sai in tsaya ina lissafi ina salati, har Umma tace kai dan Allah saya mana kazar nan ta Albaik mu ci, ba lissafi muka zo ba.

Ƙafa ita ce jarin Umara. Tsakanin Safa da Marwa wajen mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi wanda in a bene ka yi zagayen ya fi faɗi sosai, ban da zuwa da dawowa otal. Sabon takalmi kar ka kuskura, silifas ɗinka da ƙafa ta saba da shi mai taushi shi ne. Ka samu 'yar jakar zuge ta rataya ka dinga sa takalmin a ciki kana shiga da shi, don in ka ajiye a ƙofa ko ba a ɗauka ba kai ne ba za ka gane ƙofar ba. Ni ranar farko a silifas ɗin wani na dawo, ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi, Allah ya yafe min. Mata su sa safa mai kauri, marmara ne ƙasan, da asuba sanyi yake kamar ƙanƙara. Man kaɗanya na kaushi da leɓe, takunkumi, da Tom Tom ko citta saboda tarin nan da kowa ke dawowa da shi. Da wata ɗaya kafin tafiya in da hali a fara tattaki da tsofaffi bayan la'asar, ko zagaye unguwa ne.

Ɓata kuwa kowa sai ya ɗan ɓata. Ƙofofin Harami suna da lamba, ka riƙe taku, mu ta Sarki Fahad muke shiga mai lamba 79, ita na sa Umma ta haddace kamar karatun allo, na kuma sa mata katin otal a jaka da lambata ta can a rubuce da manyan baƙi. Muka yi alkawari in mun rabu kar kowa ya nemi kowa, a tsaya a ƙofar nan kawai. Ya kuwa yi amfani ranar juma'a da askar, wato jami'an tsaron Harami, suka tare hanya suka raba maza da mata, minti arba'in ina tsaye zuciyata na dukan uku uku sai ga ta tana tafe da wata 'yar Indonesiya suna hira, ita da Hausa waccan da yarensu, ban san me suke fahimta ba.

Madina a jirgin ƙasa na Haramain muka je, kilomita wajen 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma shi ma yana da iyakar kaya don haka manyan akwatunan mota muka bi da su. A Janairu Madina sanyi ne na gaske musamman asuba, ya fi na Makka nesa ba kusa ba, nan rigar sanyin nan ta biya kuɗinta. Shiga Rauda a masallacin Annabi sai da izini a manhajar Nusuk, maza da lokacinsu mata da nasu, ka sauke ta ka yi rajista da zarar biza ta fito ka fara neman gurbi, kar ka bari sai ka isa. Ni na samu, na Umma sai ana jibi za mu taho ya fito, na ga tashin hankali a fuskarta kwanakin nan duk da ba ta faɗa.

Sai tsaraba, wadda ita ce dalilin da ya sa nake cewa a tafi da akwati ɗaya kusan wayam. Tun a gida ka rubuta sunayen waɗanda dole ne, ka yanke kuɗin da ba za ka wuce ba. Dabino a Madina ake saye, ajwa kaɗan na manya, sauran sukari ko wani mai sauƙi na rabo, kuma dabino nauyi gare shi kamar dutse, kilo goma ba ya cika ko rabin jaka. Carbi da hula da sallaya da zobba kuwa, ka juya bayansu ka karanta, yawanci daga Chana suke, irinsu na nan jibge a kasuwar Hajj Kam ta Kano, da yawa daga alhazai a nan suke cike gibin tsarabarsu ba mai ganewa. Ni dai na maƙwabta a nan na saya bayan mun dawo, in sun karanta wannan su yafe ni, addu'ar dai a can na yi musu. Zamzam ba a zubawa a gora a cusa cikin akwati, za a cire. A filin jirgi ake sayar da mai lita biyar a rufe cikin kwalinsa, ɗaya ga kowane mai fasfo, ka tambayi kamfanin jirginku ko yana cikin kilo ɗinka ko daban ne, ka rubuta sunanka da alƙalamin maka a kowane gefe don duka kamarsu ɗaya.

Ranar dawowa a ɗakin otal na sake durƙusawa gaban akwati, wannan karon da ɗan sikelin rataye da na saya riyal kaɗan. Bargo na bar wa mai shara, sugan da madarar na ba wasu 'yan Nijar da ke ɗakin kusa. Dutsen gugan na ɗaga na juya shi, Umma tana kan gado tana jan carbi tace "sau nawa ka yi guga da shi?" nace ko sau ɗaya, tace to saka shi mu tafi, na matarka ne, in ka bar shi a nan ni ba zan yi maka shaida ba.